Daga Funsi zuwa Nima: Tarihin Binciken Ciwon Ido a Ƙasar Gana

Duk inda ake jin Hausa, daga Maraɗi har bakin teku, in aka ce wane yana fama da Afolo ba a bukatar ƙarin bayani. An san idanunsa sun yi ja wur, fatar idon ta kumbura, hawaye na zuba, ya kuwa nemi baƙin tabarau ya saka. Amma kaɗan ne suka san cewa a birnin Akra aka raɗa wa cutar wannan suna, a shekara ta 1969, kuma likitocin asibitin Korle Bu ne suka fara bayyana wa duniya kamanninta.

Ba Afolo kaɗai ba. Cikin shekara 150 da suka wuce an gano abubuwa da dama game da ido a ƙasar Gana, waɗanda amfaninsu ya kai ƙasashe masu nisa. Tarihin nan ya shafi mazaunan unguwannin zango na Akra, irin su Nima da Maamobi, gama a can ne mutanen arewa da na kudu suke haɗuwa, da cinikinsu, da harsunansu, da cututtukansu.

Yadda zango ya kafu

Tun kafin mulkin Turawa fatake Hausawa suna zuwa Gwanja sayen goro. Sukan tashi daga Kano ko Katsina da jakuna ɗauke da kanwa, da tufafi, da fatu, su yi watanni a hanya kafin su kai kasuwar Salaga. Inda ayari ya saba yada zango, a nan waɗansu sukan zauna, su yi aure, su gina gida. Sa'ad da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan kasuwarta da yawa suka gangara kudu, waɗansu har Akra, wadda tsofaffin Hausawa suke kira Ankara. Kafin wannan akwai sojojin Hausa da Turawan Ingila suka kawo daga Ikko domin yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, ba duka ne kuwa suka koma ba.

A farkon ƙarni na 20 Malam Bako ya kafa Sabon Zango a Akra. Nima ta zo daga baya, a shekarun 1930, sa'ad da Malam Amadu Futa, mai cinikin shanu, ya sami fili a bayan gari. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya cika ta. An kafa sansanonin soja kusa da ita, aka buɗe asibitin soja na 37 a 1941, masu neman aiki suka yi ta zuwa, da yaƙi ya ƙare kuma tsofaffin sojoji da yawa suka zauna a wurin. Maamobi ta girma a gefenta. Akwai Hausawa, da Fulani, da Zabarmawa, da Mosi, da Dagomba, da Frafra, da Kotokoli, Musulmi da Kirista, Hausa kuwa ita ce harshen da ya haɗa su a kasuwa da tasha. Gida ɗaya yakan ɗauki iyalai da yawa, kowa da ɗakinsa, tsakar gida ɗaya, ruwa kuwa sai an saya ko an bi layi a famfo.

Da yawa daga cikin waɗanda suka zo daga arewa sun baro wata masifa a baya, wadda a lokacin ba wanda ya san tushenta.

Ƙauyukan da makanta ta cinye

A kwarin kogunan Bolta, a arewacin Gana da Burkina Faso ta yau, ƙasa tana da albarka, ga ruwa, ga kifi. Duk da haka an yi ta barin ƙauyukan bakin kogi suna zama kufai. Wanda ya girma a wurin yakan fara da ƙaiƙayi mai hana barci, fatarsa ta yi kaushi, ƙullutai su fito masa a ƙugu ko haƙarƙari. Kafin ya kai shekara 40 gani ya fara dushewa. A waɗansu ƙauyuka abin da baƙo zai fara gani shi ne yaro riƙe da kan sanda, babban mutum riƙe da gindinta yana bin sa.

Sanin cutar ya zo a hankali, kowane mai bincike ya kawo nasa yanki. A 1875 John O'Neill, likitan jirgin ruwan yaƙi na Ingila, ya ba da rahoto cewa ya ga ƙananan tsutsotsi a fatar masu ƙaiƙayi a Gwalkwas, wato sunan Gana a zamanin Turawa. Bayan haka wani likitan mishan Bajamushe ya cire ƙullutai daga jikin marasa lafiya a ƙasar, ya aika wa masani Rudolf Leuckart a Jamus. Aka sami manyan tsutsotsi a naɗe a ciki kamar zare, bayaninsu ya fito a 1893. Ba wanda ya haɗa tsutsar da makanta sai Rodolfo Robles a Gwatamala, wajen 1915. A 1926 Donald Blacklock ya nuna a Saliyo cewa wani ɗan baƙin ƙuda ne yake ɗaukar cutar daga mutum zuwa mutum. A farkon shekarun 1930 kuma Jean Hissette ya tabbatar a Kwango cewa a Afirka ma tsutsar tana makantarwa.

Ga yadda abin yake. Ƙudan yana hayayyafa ne a ruwa mai gudu, inda kogi yake bugun duwatsu, yana kuwa cizo da rana. In ya ciji mutum yakan bar masa 'ya'yan tsutsa, su girma a cikin ƙullutu. Macen takan kai tsawon rabin mita, ta rayu har shekara 14 ko 15, kullum tana haihuwar 'ya'ya ɗaruruwa waɗanda ido ba ya gani. Su ne suke yawo a fata, su shiga ido. Duk inda suka mutu wurin yakan yi kumburi ya bar tabo. Shekara da shekaru tabo yana bin tabo, a gaban ido da bayansa da jijiyar gani, har haske ya ɗauke.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka aiko wani likitan ido mai suna Harold Ridley daga Landan zuwa Akra, ya yi aikin soja. Da ya ji labarin makafin arewa sai ya yi tafiya zuwa Funsi, gabas da garin Wa, ɗauke da fitilar duba ido mai aiki da batir. Ya yi mako biyu yana duba mutane. Ya tarar kusan 9 cikin kowane 10 na waɗanda ya duba suna da tsutsar, wajen kashi 10 cikin 100 kuma sun riga sun makance. Da ya koma Akra ya zana hoton bayan idon mai cutar da fenti, yadda ya gan shi. Rahotonsa ya fito a 1945, likitocin ido kuwa har wa yau suna kiran irin wannan lalacewar bayan ido da sunansa.

Wanda ya kai kukan ga jama'ar duniya makaho ne. John Wilson ya rasa idanunsa yana ɗan shekara 12, sa'ad da wani sinadari ya fashe a ɗakin gwajin makarantarsu a Ingila. Ya zaga Afirka a 1946 da 1947 yana binciken halin makafi, a 1950 ya kafa ƙungiyar da a yau ake kira Sightsavers. Matarsa Jean ce ta ga sunan likitanci na cutar ya yi wuyar faɗi, ta ce a kira ta makantar kogi. Ƙungiyar ta aiko likitan ido Frederick Rodger, wanda daga 1952 zuwa 1956 ya bi ƙauyukan arewacin Gwalkwas da Nijeriya da Kamaru yana dubawa yana ƙidaya.

An san cutar, amma magani ya zama matsala. Ɗaya daga cikin magungunan lokacin yakan kashe 'ya'yan tsutsar gaba ɗaya, jiki ya rikice, ido ma ya ƙara lalacewa. Ɗayan allura ce mai cutar da ƙoda, har takan kashe. Saboda haka mutane suka ci gaba da yin abin da kakanninsu suka yi, wato gudun bakin kogi. Samari da yawa suka nufi gonakin koko, da Kumasi, da zangon Akra.

Abin da raunin ido ya koyar

Ridley ya koma Ingila da wani abu da ya lura da shi tun farkon yaƙi. Matuƙan jiragen yaƙi da aka harbo sukan zo asibiti da tsattsagin murfin jirgi a cikin ido. Murfin na wata roba ce mai haske kamar gilashi, mai suna Perspex. Ɗaya daga cikinsu, Gordon Cleaver, an harbo shi a watan Agusta 1940, gutsattsarin robar suka cika masa idanu. Abin da ya ba Ridley mamaki shi ne, ƙarfe ko itace in ya shiga ido yakan ta da kumburi, amma robar nan tana zaune shiru shekara da shekaru, ido bai ƙi ta ba.

Wannan ya ba shi dabara game da yanar ido. A cikin ido akwai wani ɗan madubi mai tattara haske. Da tsufa yakan yi fari kamar gajimare, shi ne ake kira yana. A dā likita yakan cire madubin, ya bar wurin ba kome, sai mutum ya dogara ga tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. In tabarau ya fashe ko ya ɓata, makanta ta dawo. Ridley ya sa kamfanin Rayner ya yi masa madubi da irin robar nan. Ran 29 ga Nuwamba 1949, a asibitin St Thomas na Landan, ya fara aikin sa wa wata mace madubin roba a cikin ido.

Manyan likitocin zamaninsa sun yi masa tsayayya ƙwarai, suna cewa aikin likitan ido shi ne fitar da abu daga ido, ba sakawa ba. An ɗauki shekara wajen 30 ana gyara siffar madubin kafin duniya ta karɓe shi. Ko da aka karɓa, tsadarsa ta hana talaka. Sai a 1992, da aka buɗe masana'antar Aurolab a Madurai ta ƙasar Indiya, da kuma waɗanda aka buɗe a Eritriya da Nepal a 1994, farashin ya faɗo daga dala 100 ko fiye zuwa ƙasa da dala 10. A yau tsohuwar da aka yi wa aikin yana a Korle Bu, ko a asibitin Presbyterian na Agogo ko na Bawku, ko a Asibitin Ido na Kano, madubin da ke cikin idonta jikan wancan ne.

Asibitin Kano ya cancanci a tsaya a kansa kaɗan. Dokta Douglas Hursh na mishan ɗin SIM ne ya buɗe shi a 1943, daga baya ya koma hannun ekkilisiyar ECWA. A shekarun da likitocin ido suke da wuyar samu a wannan yanki, mutane sun yi ta zuwa can daga arewacin Nijeriya da ƙasashen maƙwabta, ba tare da an tambayi addinin kowa ba.

Shekarar Afolo

A watan Yuni 1969 ma'aikatan sashen ido na Korle Bu suka fara ganin wani irin jan ido da ba su saba gani ba. Na farko sun fito ne daga Nungua, a bakin teku gabas da Akra. Mutum yakan kwana lafiya, ya tashi yana jin kamar an zuba masa yashi a ido. Kafin yamma fatar idon ta kumbura, ɗaya idon ma ya kama. Abin da ya fi tsoratar da mutane shi ne jinin da yake kwantawa a kan farin ido, wani lokaci ya rufe shi duka. In mutum ɗaya ya kamu, kwana ɗaya ko biyu sai gidan duka.

Cikin 'yan makonni cutar ta game birnin. Daga Yuni zuwa Oktoba an duba mutum 13,664 a wannan sashe kaɗai, ban da waɗanda suka zauna a gida. Ran 20 ga Yuli, cutar tana tsakiyar bazuwa, 'yan sama jannatin Amurka suka sauka a kan wata cikin kumbon Apollo 11. Labarin yana bakin kowa. Mutane suka haɗa biyun, aka ce ƙurar wata ce aka tayar ta faɗo a idanun mutane. Da haka sunan ya manne. Littattafan asibitin sun nuna ba haka ba ne, gama an fara rubuta masu cutar tun a watan Yuni, kumbon kuwa bai bar ƙasa ba sai ran 16 ga Yuli.

Likitoci uku, S. Chatterjee, da C. O. Quarcoopome, da A. Apenteng, suka rubuta abin da suka gani dalla-dalla: yadda cutar take farawa, kwana nawa take yi, su wa take kamawa. Rahotonsu ya fito a mujallar likitocin ido ta Ingila a 1970. Sun lura cewa yawancin mutane sukan warke cikin mako ɗaya ko biyu, jinin ya washe da kansa, gani kuwa bai taɓu ba. Alamu sun nuna musu cewa ƙwayar bairas ce, irin wadda maganin kashe ƙwayoyin bakteriya ba ya taɓawa.

Ana ɗaukar cutar ta hannu, ba ta kallo ba. Mai ciwo ya murza ido, ya kama buta, ko tawul, ko kuɗi, ko hannun abokinsa, shi ke nan ta wuce. Tsinken kwalli ɗaya da mata da yara suke amfani da shi, da kwano ɗaya na wanke fuska, duk hanyoyinta ne. Saboda haka ta fi ƙarfi a inda jama'a suke cunkushe ruwa kuma ya yi ƙaranci, wato irin zaman da ake yi a Nima da Maamobi da sauran unguwannin talakawan birane. Baƙin tabarau yana rage wa mai ciwo zafin haske, amma ba ya tsare na kusa da shi. Sabulu da ruwa ne suke tsarewa.

Shekarar ta zo wa mutanen zango da wata wahala kuma. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Fiye da mutum 100,000 suka fita, cikinsu har da waɗanda aka haifa a Gana, suka nufi Togo, da Nijeriya, da Nijar, da sauran ƙasashe, cunkushe a manyan motoci. A cikin waɗannan watanni cutar ta riga ta kama hanyar bakin teku, kafin shekarar ta ƙare kuwa tana Nijeriya, da sunanta na Afolo. A 1970 da 1971 ta kai Afirka ta Arewa, da Landan, da Indiya, da gabashin Asiya, ta kama miliyoyin mutane.

A Japan ne aka kama ɓarawon. A 1971 Reisaku Kono da abokan aikinsa suka ware ƙwayar daga idon marasa lafiya, aka tarar sabuwa ce, dangin ƙwayar shan inna, aka sa mata suna entarobairas 70. An kuma gano wata 'yar'uwarta mai kawo irin wannan ciwo, wadda ta fara ɓulla a Singafo a 1970. Dangantakar da shan inna ta bayyana a Indiya, inda likitoci suka ga cewa mutum ɗaya cikin dubbai yakan sami shanyewar ƙafa bayan jan idon ya wuce. Daga baya masu bincike na Japan da na Gana suka gwada jinin mutane da na dabbobi a Afirka ta Yamma, suka ga alamar irin ƙwayar har a jinin shanu da tumaki. Nazarin ƙwayar kanta ya nuna cewa ta ɓullo ne wajen 1967, shekara biyu kafin kowa ya taka wata. Sa'ad da aka buɗe cibiyar binciken lafiya ta Noguchi a Legon a 1979, Farfesa Quarcoopome ne ya zama shugabanta na fari.

Afolo ta sāke zaga duniya a 1980 da 1981, har ta haye zuwa nahiyar Amurka, tun daga nan kuma takan dawo lokaci lokaci. Darasi mafi nauyi da asibitoci suka samu daga gare ta shi ne, ba cutar ce take makantarwa ba, abin da ake zuba mata ne. An ga idanun da aka lalata da fitsari, da ruwan batir, da lemun tsami, da ruwan ganyaye. Fitsarin mai ciwon sanyi yana iya huda baƙin ido cikin kwana kaɗan. Maganin ɗigawa mai sitiroyid da ake saya a kasuwa ba da izinin likita ba, shi ma yana iya ta da gyambon ido ko ya ƙara matsin cikinsa. Ciwon da zai tafi da kansa cikin kwana goma sai ya bar hakiya ta har abada.

Yaƙi da ƙuda, sa'an nan ƙwaya

A 1972 shugaban Bankin Duniya, Robert McNamara, ya ziyarci Burkina Faso ta yau, ya ga makafin kwarin Bolta da idonsa. Gani ya kori ji. A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya, da Bankin, da waɗansu hukumomi suka fara babban shirin yaƙi da makantar kogi, da hedkwata a Wagadugu. An fara da ƙasashe 7, cikinsu da Gana da Nijar, daga baya suka zama 11. Dabarar ita ce, tun da ba maganin da za a ba jama'a, a kashe ƙudan tun yana tsutsa a ruwa. Kowane mako jirage masu saukar ungulu suna bin koguna suna zuba magani a wuraren ruwa mai gudu. Dole a ci gaba har shekara 14 ko fiye, domin tsofaffin tsutsotsin da ke jikin mutane su mutu da kansu ba tare da an sami sababbin kamu ba.

Ana cikin haka sai magani ya fito daga inda ba a zata ba. Satoshi Omura na Japan ya samo wata ƙwayar halitta a cikin ƙasa, William Campbell na kamfanin Merck a Amurka ya gano tana kashe tsutsotsin dabbobi. Daga nan aka yi maganin aibamektin. Dokta Mohammed Aziz ya fara gwada shi a kan mutane a Dakar a 1981. A Gana, Dokta Kwablah Awadzi, wanda ya shugabanci cibiyar gwajin magungunan makantar kogi a Tamale, daga baya a Hohoe, ya gwada shi da kyau, yana auna yawan 'ya'yan tsutsa a fata da ido kafin shan magani da bayansa. A 1987 aka yi babban gwaji a yankin Asubende, inda aka ba ƙauyuka sukutum. An tarar ƙwaya ɗaya zuwa huɗu, sau ɗaya a shekara, tana share 'ya'yan tsutsar ba tare da ta cuci ido ba. A watan Oktoba na shekarar kamfanin ya yi alkawarin ba da maganin kyauta, da sunan Mectizan, ga duk mai bukata, muddin ana bukatarsa. Gwajin da Farfesa Adenike Abiose da abokan aikinta suka yi a ƙauyukan jihar Kaduna, wanda ya fito a 1993, ya nuna cewa shan maganin kowace shekara yana rage lalacewar jijiyar gani.

Maganin ba ya kashe uwar tsutsa, saboda haka sai an yi ta sha shekara da shekaru. Daga 1995 aka danƙa rabon a hannun mutanen ƙauye da kansu. Sukan zaɓi nasu, a ba shi littafi da sanda mai zane, ya auna tsayin mutum ya san ƙwaya nawa zai ba shi. Sa'ad da aka rufe shirin Wagadugu a 2002, an kiyasta cewa ya hana mutum 600,000 makancewa, ya kuma buɗe hekta miliyan 25 na ƙasar noma da aka gudu aka bari. Omura da Campbell sun sami lambar Nobel a 2015. A 2018 aka amince da sabon magani, moksidektin, wanda aka gwada a Hohoe da waɗansu wurare. A watan Janairu 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ta kawar da makantar kogi, ita ce ta fari a Afirka. Gana ma ta sami nata yabo a 2018, sa'ad da aka tabbatar ta shawo kan amosanin ido, cutar da ke juya gashin ido ciki yana gogar ƙwayar ido.

Abin da ya rage

Makantar da ta fi yawa a yau ba a bakin kogi take ba, tana cikin gari. Binciken da aka yi a duk faɗin Gana a 2015 ya nuna cewa yana ce take kawo fiye da rabin makanta, gilakoma tana biye da ita. Yana tana da magani, aikin bai kai sa'a ɗaya ba. Amma har yanzu akwai masu yawo gari gari suna soka tsinke a gefen ido, su ture madubin da ya yi yana ya faɗa can ciki. Mutum yakan ga haske a ranar, ya yi murna, ya biya. Binciken makanta na Nijeriya na 2005 zuwa 2007 ya tarar cewa cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, fiye da kashi 40 cikin 100 ta wannan hanya aka yi musu, kusan kashi uku cikin huɗu na irin waɗannan idanu kuwa sun makance.

Gilakoma ta fi wayo. Matsin ruwan cikin ido yakan yi ta cin jijiyar gani daga gefe, ba zafi, ba ja, har sai abin da ya rage kamar leƙe ta kafar tsinke. Abin da ta ci ba ya dawowa. A binciken da aka yi a Tema, kusa da Akra, daga 2006 zuwa 2008, an duba mutum fiye da 5,000 masu shekara 40 zuwa sama, aka tarar kusan 7 cikin 100 suna da ita, mafi yawansu kuwa ba su sani ba. Tana bin jini, saboda haka wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ta makance ba a san dalili ba, ya kamata ya je a auna masa ido ko da yana gani sarai.

Ridley ya tsaya ya duba idon matuƙin jirgi da kyau. Ma'aikatan Korle Bu sun rubuta ranar da kowane mai jan ido ya zo. Mai raba Mectizan a ƙauye yana riƙe da littafinsa da sandarsa. Da irin wannan haƙuri aka kai inda aka kai. Rabon mai karatu a cikin aikin ba shi da wuya, ko yana Nima, ko Maamobi, ko Sabon Garin Kano: in Afolo ta shigo gida a ware tawul, a wanke hannu, kada a zuba wa ido abin da likita bai bayar ba. In ƙusa ko sinadari ya sami ido, a nufi asibiti a ranar, sinadari kuwa a fara wanke shi da ruwa mai tsabta mai yawa. In tsoho ya fara laluben ƙofa, kada a ce tsufa ne kawai. A kama hannunsa a kai shi wurin likitan ido.